Askar Gajere da Kwalba ta Uku

Gajere ya haura shekara hamsin lokacin da aka zaunar da shi a benci ana koya masa wanke hannu. Wanzami ne ɗan wanzami daga Mawashi, can wajen Kusada, kuma ba shi ya nemi karatun ba. Agana ce ta yi ɓarna a ƙasar, hukumar En'e ta ce kowane dagaci ya turo mutum guda Kankiya a koya masa yin lamba, rigakafin cutar. Dagacin Mawashi ya duba hagu ya duba dama, ya ce wa ya fi wanzami sanin fatar mutum? Shi ke nan Gajere ya rataya zabirarsa ya kama hanya a ƙafa, yana ganin kwana uku ya ishe shi, har ma ya ƙara wa malamin sani.

Wata uku aka ce masa. Su shida ne, sauran biyar duk magidanta ne da suka ɗan taɓa elementare, shi kaɗai ne mai furfura. Malaminsu kuwa Malam Ɗahiru ne, wani siriri da ya yi karatun aikin asibiti a Kano, shi ke riƙe da ɗan ɗakin gwaji a bayan ɗakin shan magani. Ɗakin bai fi taku biyar ba, tebur ɗaya, kanta biyu, risho, da madubin likita da ake lulluɓewa da ƙyalle. Amma dokokinsa sun fi ɗakin girma. Ba a cin goro a ciki. Ba a sa fensir a baki. Ba a taɓa fuska. In an shigo a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, in za a fita a sake. Duk ƙarfen da zai taɓa jikin mutum sai ya tafasa a tukunya, ba tafasar ganin ido ba, sai an duba agogo.

Ranar farko Gajere ya miƙa masa hannu biyu da girmamawa, Malam Ɗahiru ya mayar da nasa baya, ya ce a yi haƙuri, yanzu ya taɓa kwalbar majinar wani mai tari. Kai, abin ya yi wa Gajere ciwo. Hannun da ya aske kan dagatai uku shi ne yau aka bari a miƙe a gaban yara! Washegari kuma aka ba shi tsinken lamba, ya shafa shi a tafin hannu ba tare da ya sani ba, yadda ya saba da aska shekara arba'in. Malam Ɗahiru ya karɓe tsinken ya mayar tukunya, ya sa dukansu suka tsaya suna kallon ruwa har ya sake tafasa. Tun daga nan sauran ɗaliban suka sa masa suna Baba Shafa, amma a bayan idonsa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana Gajere sakat ya faru ne a mako na uku.

Malam Ɗahiru yana yi musu bayanin wata cuta da ke shiga ta rauni. Ya ce ƙwayarta a ƙasa take zaune, musamman inda dabbobi ke kashi, kuma wuƙa ko aska kan ɗauke ta ta kai cikin jiki. In jariri ne, sai a yi kamar mako guda lafiya lau, sannan ya ƙi kama nono, muƙamuƙinsa ya ɗaure, bayansa ya lanƙwashe, ko ƙofa aka buga sai ya zabura ya sandare. Malamin littafinsa yake dubawa yana karantawa. Bai san cewa daki-daki yake ba da labarin jikan Gajere ba.

Bara ne ɗiyar Gajere, Zinariya, ta haifi ɗanta na fari. Ranar suna Gajere da kansa ya yi wa yaron aski, ya cire masa beli, ya yi masa tsagar gidan ubansa. Aka sa masa Ummaru. Bayan kwana tara aka binne shi. Mata suka ce iska ce, liman ya ce kwana ne ya ƙare, Gajere ya karɓa. Ita kuwa Zinariya, da yake ɗan fari ne, kunya ba ta bar ta ta yi kuka a gaban mutane ba. Sau ɗaya ya hango ta a bayan rumbu ta cusa bakin zanenta a baki, kafaɗunta na rawa, ya juya da sauri don kada ta san ya gani.

To ga shi yanzu ta sake haihuwa. Wani ɗan garinsu da ya shigo Kankiya da jaki ranar Litinin ya kawo masa albishir: Zinariya ta sauka jiya a gidan Gajere, inda ta zo goyon ciki, namiji ne, suna Lahadi mai zuwa. Gajere ya yi hamdala da baki, amma hankalinsa ya koma kan zabirarsa. Askar da ta taɓa Ummaru tana nan cikin zabira, ita ce kuma za ta taɓa wannan. Kafin Lahadi yana so ya san abu ɗaya: ita ce, ko ba ita ba ce?

Askar ƙarama ce, ba ta fi yatsa tsawo ba, ta kakansa ce. A gidansu an yi imani cewa maƙerin da ya ƙera ta da magani ya kashe wutarta, saboda haka ba ta komawa wuta har abada, ko ruwan zafi ba ta shiga. In ta shiga ta mutu, jinin da ta fitar ba zai tsaya ba. Gajere kan wanke ta da toka, ya tofa yawu a dutsen washi ya wasa ta, ya shafa a tafin hannu, ya naɗe a fata. Ko kwalli aka ba ka ba za ka ga ɗigon datti a jikinta ba.

Ranar Talata Malam Ɗahiru ya zo da wani darasi da ya daɗe yana shiryawa, don ya gaji da yadda ɗaliban ke amsa masa da to, to, alhali ya san ba su yarda ba. Ya dafa romon nama, ya tace shi har ya fita garau, ya zuba a kwalabe uku masu faɗin baki, ya toshe da auduga, ya sake tafasa su cikin tukunya. Da suka huce ya sa Shehu, ɗaya daga cikin ɗaliban, ya tsoma yatsa a ta farko yadda ya shigo daga waje. Wani ɗalibin, Hussaini, ya ɗauraye hannu da ruwa zalla, irin na alwala, ya tsoma a ta biyu. Ta uku kuwa ba wanda ya taɓa. Malam ya jera su a kanta, ya ce zafin Kankiya zai yi sauran aikin. Jibi za su ga biyu sun lalace, ta uku tana nan yadda take, domin romo ba ya lalacewa don kansa, sai an kai masa abin da zai lalata shi.

Da aka kira azahar kowa ya fita, Gajere ya tsaya yana gyara ɗamarar wandonsa har ɗakin ya zama ba kowa. Lissafinsa mai sauƙi ne, kuma in ka bi shi a hankali ba za ka ce mahaukaci ba ne. Kwalba ta uku ita ce mai tsabta. In ya tsoma askarsa ciki jibi ta wayi gari garau, to askarsa ta fita, ba wanda zai sani, shi kuma ya samu barci. Bai tsaya ya yi tunanin ɗaya ɓangaren ba, domin a ransa bai yarda akwai shi ba. Ya zare audugar, ya tsoma askar har sau uku yana bisimilla, ya mayar da audugar, ya tafi masallaci.

Ranar Alhamis da safe Malam Ɗahiru ya sauko da kwalaben ya ajiye a tebur inda haske ke faɗowa. Ta Shehu ta dagule. Ta Hussaini ta dagule. Ta uku kuwa ta fi su duka, har wata farar fata-fata ta kwanta a samanta, ɗoyinta na fitowa ta cikin audugar.

Malam Ɗahiru ya ɗaga kwalbar ya juya ta, ya duba audugar, ya sake dubawa. Hussaini ne ya fara magana, cikin ladabi, irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo. Ya ce ai Malam, ko matarsa a gida ta san romo in ya kwana biyu lalacewa yake yi, da yatsa da babu yatsa. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Shehu ya sa hannu a aljihu ya ɓallo goro ya jefa a baki, a cikin ɗakin, a gaban malamin, kuma malamin bai hana shi ba.

Wannan ne ya fi ba Gajere tausayi. Mutumin da ke tsawa a kan fensir yau ya tsaya da kwalba a hannu, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa ƙila shi ne bai tafasa ta yadda ya kamata ba, laifinsa ne. Gajere ya dubi ɗaliban nan biyar. Nan da wata biyu kowannensu zai shiga ƙauyuka da tsinke a hannu, yara ɗari-ɗari za su miƙa masa dantse, kuma ga shi tun yau sun yanke cewa tafasa ƙarfe surutun boko ne. In ya yi shiru ba wanda zai taɓa sani. Ya gwada yin shirun, ya kai kamar ƙirgen ashirin, ya kasa.

Ya miƙe. Ya buɗe zabira, ya warware fatar, ya ajiye askar a kan tebur kusa da kwalbar.

"Malam, ba laifinka ba ne. Ni na buɗe ta. Wagga na sa ciki."

Ya yi tsammanin tsawa, ko kora ma. Malam Ɗahiru ya daɗe yana kallon askar bai taɓa ta ba. Sannan ya juya ya ce wa Shehu ya fita ya tofar da goron ya wanke baki da hannu. Da Shehu ya dawo, Malam ya ce da Gajere ya faɗa wa ajin yadda yake tsabtace askar, kada ya bar komai. Gajere ya faɗa: toka, yawu, dutse, tafin hannu, fata. Malam ya tambaye shi ina dutsen washin yake zama a gida. Sai a lokacin Gajere ya tuna. Dutsen yana gindin turken awaki, nan ubansa ya bar shi, nan yake har yau.

Malam Ɗahiru ya ɗauki ɗigo ɗaya daga kwalbar ya sa a gilashi, ya daidaita madubin, ya ce kowa ya zo ya leƙa, Baba Gajere ne farko. Gajere ya taɓa leƙa madubin nan sau biyu, ya ga abubuwa na motsi, ya ɗauka wani dabo ne na Turawa. Yau da ya leƙa, ya ga 'yan sanduna ƙanana birjik suna kai da kawo, ya san daga hannunsa suka fito.

Bayan kowa ya gani, Malam ya yi musu magana kaɗan. Ya ce a ɗakin nan kowa zai yi kuskure, shi ma yana yi. Wanda ya taɓa abin da bai kamata ba ya faɗa, an gyara. Wanda ya taɓa ya ɓoye, shi ne ke kashe mutane. Ya ce hukuncin Baba Gajere shi ne ya dafa sabon romo da hannunsa, kwalba biyu, ɗaya a bar ta rufe, ɗaya a tsoma mata tsinken lamba da aka tafasa, a gani ranar Asabar. Ya kuma nuna tukunya ya ce a sa askar ciki. Gajere ya ce a yi masa afuwa, wannan ba ta shiga wuta. Malam bai matsa ba, ya ce to a naɗe ta a fitar masa da ita daga ɗaki.

Da aka tashi Gajere ya jira shi a gindin bishiyar bedi a bakin ƙofa, ya ba shi labarin Ummaru tun daga ranar suna har ranar da aka kai shi. Bai taɓa faɗa wa kowa a jere haka ba. Da ya gama ya yi tambayar da ta kawo shi.

"Malam, don Allah ka gaya mani gaskiya. Ita ce ta kashe shi?"

"Baba, ban sani ba," in ji Malam Ɗahiru. "Kwalba ba ta faɗin sunan cuta. Ƙila ta cibiya ta shiga tun kafin ka taɓa shi. Ƙila ta askarka ce. In na ce maka ba ita ba ce na yi ƙarya, in na ce ita ce na yi ƙarya. Abin da na sani kawai, yadda take yanzu ban yarda ta taɓa ɗana ba."

Gajere ya so a ce an yanke masa ɗaya, ko wacce ce. Wannan amsar ba ta da wurin ajiyewa, sai dai ya ɗauke ta haka nan.

Ranar Asabar kwalaben biyu suka fito garau, ana hango yatsan mutum ta cikinsu. Hussaini ya ɗaga su ya juya ya sake juyawa, ya je ya wanke hannu har gwiwa ba tare da an sa shi ba. Gajere ya nemi izinin kwana biyu, ya roƙi guntun sabulu, ya kama hanyar Mawashi. Ya isa bayan la'asar, ya yi barka daga bakin ƙofar ɗaki, bai karɓi jaririn ba, ya ce akwai ƙurar hanya a jikinsa.

Da safe aka raɗa suna a ƙofar gida, aka raba goro, aka yanka rago. Da hantsi ya yi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida don aski. Yayan Gajere, Ɗanmaliki, wanda shi ne babban wanzaman garin, ya zauna a gefe don ya sa albarka, mata suka kewaye, ungozoma ta shiga ɗaki za ta ɗauko yaro. Sai Gajere ya ce da matarsa Mairama ta ba shi sabuwar tukunya da ruwa, ta kuma matsa masa a murhu. Ta ɗauka ruwan jiƙa gashi yake so, ta ce ai ga na ɗumi nan a ƙwarya. Ya ce ba shi ba.

Ya ɗora tukunyar, ya iza wuta, ya tsuguna har ruwan ya fara ɓararraka. Sannan ya warware fatar. Ɗanmaliki ya gane abin da zai faru kafin kowa, ya miƙe da sandarsa ya ce Gajere ya ji tsoron Allah, wannan askar ta girme su duka, ta yi wa rabin garin nan tsaga, kuma ga su nan raye. Ya ce wata ɗaya a bencin Nasara shi ne zai sa ya kashe abin da ubansu ya bar musu? Gajere bai ɗaga kai ba.

"Yaya, ka yi haƙuri. In ta mutu a ƙera wata."

Ya sake ta cikin ruwan. Wata tsohuwa ta yi salati. Ɗanmaliki ya tsaya kaɗan, ya ce shi kam ba zai zauna ya ga jinin da ba zai tsaya ba, ya juya ya fice. Gajere ya ji fitar nan har ƙashinsa, domin bai taɓa yin aikin suna ba tare da yayansa a gefe ba. Ba shi da agogo, sai ya yi ta jan carbi yana ƙara itace, ya gwammace ya wuce lokaci da ya gaza. Matan suka yi cirko-cirko suna kallon tukunya.

Ungozoma ce ta leƙo ta ce mai jego ta hana ta ɗaukar yaron. Kafin a ce mi ya faru, Zinariya ta fito da kanta, abin da mai jego ba ta yi a gaban taro, jaririn rungume a ƙirjinta. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta dubi tukunyar, ta dubi ubanta. Ta daɗe tana jin komai daga ciki.

"Baba, bara ba ka dafa ta ba."

"Ban dafa ba."

"Da ka dafa fa?"

Mairama ta yi saurin cewa haba Zinariya, kwanansa ne ya ƙare, kada ta yi saɓo ranar farin ciki. Matan suka amsa da haka ne, haka ne, duka suka juyo suna jiran Gajere ya ƙarasa musu. Kalmar tana bakinsa, ya san ta, shi ma ya sha faɗa wa iyaye mata a gidaje da yawa. Kuma gaskiya ce, kwanan yaron ya ƙare. Amma ba ita ɗiyarsa ta tambaya ba.

"Ban sani ba, ɗiyata," ya ce. "Na tambayi wanda ya fi ni sani, shi ma bai sani ba. Mai yiwuwa da yana nan. Ki yafe mani."

Zinariya ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Hawayen da ta ɓoye shekara guda suka zubo a gaban kowa, ba ta share ba, ba ta rufe fuska ba, kuma ba wadda ta iya ce mata ta ji kunya. Ta ƙara ƙanƙame yaron. Gajere yana tsugune a gaban murhu, hannuwansa a kan gwiwa, ya riga ya saddaƙar cewa ba za ta ba shi ba, kuma bai ga laifinta ba.

Can ta ce, a hankali, ya wanke hannunsa tana gani.

Mairama ta zuba masa ruwa, ya wanke da sabulu har gwiwar hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, ya ɗaga su sama suka bushe da kansu. Ya tsiyaye ruwan tukunyar, ya jira askar ta huce, ya ɗauke ta ta ƙota. Ta yi duhu kaɗan, amma kaifinta yana nan. Zinariya ta tako ta zauna a tabarmar da kanta, inda ungozoma ya kamata ta zauna, ta kwantar da yaron a cinyarta, ta tallabe kansa da tafin hannu. Gajere ya yi bisimilla ya fara daga goshi. Har ya gama askin ba ta dubi fuskarsa ba ko sau ɗaya, idonta na kan bakin askar.